Josef Huka, Likitan Da Ya Bi Sawun Ciyawa Har Bangon Duniya

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san babu abin da ɗalibi ya tsana kamar ciyawa. Da damina ta zauna, ran Asabar da sassafe sai a raba mana langalanga, a nuna wa kowane gida yankinsa, wanda ya yi laifi kuma a ƙara masa nasa. Ni kaina na sha raya wa zuciyata cewa ciyawa ba ta da wani aiki a duniya sai wahalar da 'yan makaranta. To, ran nan muna darasin labarin ƙasa, sai malaminmu ya baje taswirar duniya, ya ɗora bakin rula a kan wani ɗan ɗigo can ƙasa a tsakiyar teku, wanda in ba an nuna maka ba sai ka ce kashin ƙuda ne. Ya ce wannan tsibiri ne, babu gari a cikinsa, babu itace ko ɗaya, amma akwai ciyawa, kuma irinta ɗaya da ta wani tsibirin mai nisan dubban kilomita. Ya tambaye mu wa ya kai ta can. Aji ya yi tsit. Sai ya ce kada mu ji kunya, domin akwai wani Bature da ya shekara saba'in yana fama da wannan tambaya. Tarihin wannan mutum ne na bi na tattaro, nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunansa Josef Huka, su Turawa suna rubuta shi Joseph Dalton Hooker. An haife shi ran 30 ga Yuni, 1817, a wani ƙaramin gari a gabashin Ingila. Mahaifinsa, Wiliyam Huka, masanin tsirrai ne, a 1820 aka naɗa shi shehun malami a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, iyali duka suka koma can. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Tun Josef yana ɗan shekara bakwai yake bin ubansa ɗakin karatu, ya zauna cikin manyan ɗalibai yana saurare. A gidan kakansa na wajen uwa kuma akwai littafin tafiye-tafiyen Kyaftin Kuk, mashahurin matuƙin jirgin ruwan nan. A cikin hotunan littafin akwai ɗaya da yaron ya fi so, hoton wata mashigar teku a tsibirin Kargelen, ga wani dutse mai kama da ƙofar gari a tsaye cikin ruwa, ga matuƙa jirgi suna kashe tsuntsaye a gaɓa. Tun daga lokacin ya sa wa ransa sai ya ga wannan dutse da idonsa. Wannan Kargelen kuwa shi ne ɗigon da malaminmu ya nuna mana.

Ya yi karatun likita a Gilasgo ya gama a 1839, ba don yana son duba marasa lafiya ba, sai don a zamanin nan ta hanyar likitanci ne saurayi zai sami shiga jirgin sojan ruwa ya ga duniya. Ya kuwa yi sa'a. A shekarar ce gwamnatin Ingila ta shirya jirage biyu na katako masu tafiya da iska, Erebus da Tera, a ƙarƙashin Kyaftin Jems Ros, su nufi kudancin duniya su auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa. Aka ɗauki Huka mataimakin likita a Erebus, tare da izinin ya tara tsirrai duk inda aka tsaya. Yana da shekara 22, shi ne ƙarami a cikin mutanen jiragen. Suka tashi a ƙarshen Satumba, 1839, ba su sake ganin Ingila ba sai bayan shekara huɗu.

Bayan sun biyo ta tsibiran yammacin Afirka da Sant Helena da Afirka ta Kudu, ran 12 ga Mayu, 1840, suka shiga ainihin mashigar nan ta cikin hoto. Sai dai a kudancin duniya watan Mayu farkon hunturu ne. Kwana 68 suka yi a wurin, 45 daga ciki guguwa ce, kwana uku kacal suka samu da ba a yi ruwa ko ƙanƙara ba. Kyaftin Kuk da ya zo a 1776 ya ga wurin ya yi kufai da yawa, har ya so ya raɗa masa sunan tsibirin kaɗaici. Huka kuwa kamar an saki akuya a gonar wake. Kullum yana bisa duwatsu da guduma yana ɓamɓaro gansakuka, in dutse ya daskare sai ya zauna a kansa har ɗumin jikinsa ya narkar da ƙanƙarar. Ya tara tsirrai wajen iri 150, amma masu fure a cikinsu 18 ne kawai. A ciki akwai wani kabeji da matuƙa jirgi suka riƙa dafawa, domin yana maganin ciwon nan da ke kumbura dasashi ya zubar da haƙora in mutum ya daɗe bai ci ɗanyen ganye ba. Akwai kuma ciyayi 'yan kaɗan. Ɗaya daga cikinsu, mai faɗin ganye, mai son wurin da tsuntsaye ke kashi, daga baya ya sa mata sunan Kuk, har yau masana suna kiranta Poa cookii.

A nan ne tambayar ta fara damunsa. Ka duba taswira, ya mai karatu. Daga Kargelen zuwa Afirka ta Kudu kusan kilomita 4,000 ne, watau kamar ka yi Kano zuwa Ikko sau huɗu, ba tudu ko ɗaya da za ka huta sai 'yan tsibirai. Zuwa ƙarshen Amurka ta Kudu kuwa ya fi kilomita 7,000. Hankali zai ba ka cewa in ma tsirran Kargelen suna da dangi, to, a Afirka suke, tun da ita ce kusa. Ashe ba haka ba ne. Yawancinsu danginsu suna can Amurka ta Kudu mai nisa, waɗansu ma ba dangi ba ne kawai, su ne da kansu. Huka bai tabbatar da wannan ba sai da tafiya ta kai shi can ya gani, amma tun a Kargelen ya fara rubuta kowace ciyawa da wurin da ya same ta.

Daga nan suka wuce Tasmaniya, sa'an nan a Nuwamba da Disamba na 1840 suka tsaya a tsibiran Okland da Kambel, kudu da Niyuzilan, inda ya tarar da tuddai lulluɓe da manyan kututturan ciyawa. A Janairu, 1841, suka kutsa cikin ƙanƙarar Antaktika, suka ga wani dutse mai aman wuta suka sa masa sunan jirginsu, suka ga bangon ƙanƙara da ya tare musu hanya. A nan babu abin da masanin tsirrai zai tsinka. A Maris, 1842, cikin duhun dare, jiragen biyu suka yi karo da juna suna ƙoƙarin kauce wa wani dutsen ƙanƙara, saura ƙiris su nutse duka. Da kyar suka kai tsibiran Fokland a watan Afrilu, a can gefen Amurka ta Kudu, suka yi watanni suna gyara.

Wannan tsayawa ita ta haɗa Huka da ciyawar da ta fi kowace burge shi, wadda mutanen Fokland ke kira tasak, masana kuma Poa flabellata. In ka ji an ce ciyawa kada ka zaci irin harƙiyar da muke yanka a bayan ɗakin kwana ce. Ko gamba ma ba ta kama ƙafarta ba. Kowace ɗaya tana tsirowa ne a kan wani kututture da tsofaffin saiwoyinta da matattun ganyenta suka taru suka yi shekara da shekaru, sai ka ce suri, wani ya kai ƙirjin mutum. Daga bisansa dogayen ganye suke fitowa su zubo ta ko'ina, har tsawon duka ya wuce mita biyu. Mutum yakan shiga tsakaninsu ya ɓace kamar ya shiga gonar dawa. A bakin teku take son zama, inda iska ke watso mata gishiri, kuma ko da tsakiyar hunturu ba ta bushewa. A ƙarƙashinta tsuntsayen teku suke haƙa ramuka su yi ƙwai, har da fengwin, tsuntsun nan mai tafiya a tsaye wanda ba ya tashi. Manyan dabbobin teku masu kama da ayu su ma a cikinta suke kwanciya. Kashinsu shi ne takinta, ita kuwa ita ce ɗakinsu. In ka ɓare gindin karanta akwai wani farin ɓargo mai ɗan zaƙi da mutum zai iya ci.

To, wannan zaƙi shi ya jawo mata. Tun 1764 Faransawa suka kawo shanu tsibiran, suka yaɗu suka zama na daji. Saniya in ta ɗanɗana tasak ba ta tsayawa ga ganye, sai ta ci har zuciyar, kututturen da ya daɗe yana taruwa ya mutu. Huka ya lura cewa tun a lokacin ciyawar ta fara ƙaranci inda shanu ke kaiwa, ta fi yawa a ƙananan tsibiran da ba dabba. Duk da haka abin da ya fi ɗaukar hankalinsa, shi da gwamnan wurin, shi ne amfaninta ga kiwo. Suka yaba ta ƙwarai a rubuce, aka aika da irinta Ingila, masu filaye suka yi ta rububi, aka gwada shuka ta a tsibiran arewacin Sikotlan. Ba ta zama abin da aka yi tsammani ba. A Fokland kuwa, da aka zo aka cika wurin da tumaki, aka haɗa da saka wuta, fiye da kashi uku cikin huɗu na tasak ya salwanta.

Daga Fokland sun je wani tsibiri kusa da Kef Hon, a ƙasar Tiyera del Fuwego, can ƙarshen Amurka ta Kudu. A nan Huka ya yi ta cin karo da tsofaffin sanannunsa na Kargelen. A Janairu, 1843, ya sauka a wani tsibiri na Antaktika mai suna Kokban, ya duba ko'ina bai sami ciyawa ko ƙwaya ɗaya ba, sai gansakuka. Watau ya ga inda iyakar ciyawa take a duniya. A hanyar komowa suka tsaya a tsibirin Asenshan, wanda zan dawo kansa, suka iso Ingila ran 4 ga Satumba, 1843.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su a kan tebur. Ya baje busassun tsirransa da ya matse tsakanin takardu, ya gwada su da na sauran matafiya, ya fitar da babban littafinsa na tsirran yankin Antaktika tsakanin 1844 da 1847. Abin da ya fito ya fi ƙarfin a ce dace ne. Ciyawar nan ta Kuk tana Kargelen, tana kuma tsibiran Mariyon da Kuroze da Had, an same ta har Makwari, kudu da Ostireliya. Wata siririyar ciyawa mai kama da gashi, Deschampsia antarctica, tana Tiyera del Fuwego da Fokland da Jojiya ta Kudu da Kargelen, ita ce kuma ɗaya daga cikin tsirrai biyu kacal masu fure da suke na asali a Antaktika. Tasak kuwa ba ta kai Kargelen ba, ta tsaya a ɓangaren Tekun Atlantika. Akwai ma wata doguwar ciyawa da ke tsibirin Tiristan da Kunya a Atlantika, sai kuma tsibiran Sant Pol da Amstadam a Tekun Indiya, tsakaninsu fiye da kilomita 7,000, alhali kuwa ba ta a Afirka. Waɗansu sun zagaye duniya, waɗansu sun tsaya a rabi, waɗansu kuma tsibiri ɗaya tak suke. Me ya raba su?

Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga Cals Darwin, wanda shi ma ya zagaya duniya a jirgin ruwa kafin Huka. Huka ya daɗe yana ganin girmansa, har kafin ya tashi tafiya yakan kwana da shafukan littafin tafiyar Darwin a ƙarƙashin matashinsa, don ya karanta da asuba. Darwin ya roƙe shi ya duba masa tsirran da ya tara a tsibiran Galafagos. Daga nan abota ta ƙullu, wadda ba ta yanke ba sai da Darwin ya mutu a 1882. Huka yana cikin mutanen farko da Darwin ya tona wa ra'ayinsa game da sauyawar halittu, a Janairu, 1844, shi ne kuma ya tsaya masa bayan littafinsa ya fito a 1859. Wannan magana ce mai tsawo da jayayya, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne, a kan maganar tsibirai, aminan nan biyu sun shekara fiye da ashirin suna musu.

Huka ya ce teku ba ta tsallakuwa ga ƙwayar ciyawa. A ganinsa, a wani zamani mai nisa akwai wata babbar ƙasa a kudu da ta haɗa waɗannan wurare, tsirrai suka bazu a kanta, daga baya ta nutse ta bar kawunan duwatsu, su ne tsibiran. Yana da hujja kuwa, domin mutanen jirginsu sun tono itatuwan da suka zama dutse a Kargelen, inda yau ba itace ko ɗaya. Darwin kuwa ya ƙi jinin a riƙa ƙirƙiro ƙasashe ana nutsar da su duk sa'ad da aka rasa amsa. Ya ce iska da igiyar ruwa da tsuntsaye sun isa, in an ba su dubban shekaru.

Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya ga cacar baki ba. A 1855 Darwin ya cika kwalabe da ruwan gishiri a gidansa, ya jiƙa iri daban-daban. Cikin iri 87, guda 64 suka tsiro bayan kwana 28 a ruwan, 'yan kaɗan ma har bayan kwana 137. Huka ya ce to, ai yawancinsu nutsewa suke yi, irin da ya nutse kuwa ina zai je? Darwin ya yarda wannan gaskiya ce, ya koma ya gwada busassun rassa masu 'ya'ya, ya ga suna daɗewa a bisa ruwa. Ya ɗebo taɓo cokali uku daga bakin kududdufi ya ajiye a kofi, tsiro 537 suka fito. Aka aiko masa da ƙafar wata fakara da dunƙulen laka a manne, ya sami tsiro 82 daga ciki. Wani kuma ya aiko masa da busasshen kashin fara daga Natal ta Afirka ta Kudu, ya shuka, ciyawa bakwai ta fito. Ni da na karanta wannan sai na tuna da ƙarangiya. Wane ne a cikinmu bai taɓa kwaso ta a wando daga gona ya kawo ta har cikin gida ba, ba tare da ya sani ba? In wandon ɗan makaranta zai iya, me zai hana gashin tsuntsun da ke kwana a cikin ciyawa, ya tashi ya yi dubban kilomita?

Kada a zaci Huka zama ya yi yana musu kawai. Kafin ƙarshen 1847 ya fara aikin tsirran da wani Bajamushe mai suna Fogel ya tara a tafiyar da Turawa suka yi Kogin Kwara a 1841, bai gama ba ya tafi Indiya, abokinsa Bentam ya ƙarasa, littafin ya fito a 1849. Ke nan hannunsa ya taɓa ganyayen ƙasarmu, ko da yake ƙafarsa ba ta taka ta ba. A Indiya ya hau duwatsun Himalaya, a 1849 hukumar Sikim ta tsare shi da abokin tafiyarsa na 'yan makonni don sun ƙetare iyaka ba izini, Ingila kuwa ta fake da wannan ta ƙwace wani yanki na ƙasar. Ya komo a 1851 ya yi aure. A 1855 ya zama mataimakin mahaifinsa a babban lambun gwamnati na Kiyu, kusa da Landan, da uban ya rasu a 1865 ya gaje shi. A wajen 1862 wani ma'aikacin lambun, Gustaf Man, ya aiko masa da tsirrai daga ƙwanƙolin Dutsen Kamaru da na tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko. Huka ya duba ya ga da yawa irin na tuddan Habasha ne, waɗansu ma irin na Turai. Watau kan dogon dutse shi ma tsibiri ne, sai dai zafi ne ya kewaye shi maimakon ruwa.

A watan Agusta, 1866, ya tsaya gaban babban taron masana a birnin Notingam ya yi lacca a kan tsirran tsibirai. Ya jera hujjojin ɓangarorin biyu, bai rage wa na abokinsa komai ba, bai kuma ɓoye raunin nasa ba. A ƙarshe ya nuna cewa hanyar Darwin ta fi warware matsaloli da yawa, ko da yake Kargelen ba ta daina damunsa ba. A ganina wannan ne babban abin da ya yi a rayuwarsa. Mutum ne mai saurin fushi, ga shi shugaban Kiyu, ga shi shi ne ya sha sanyin tsibiran da jikinsa, Darwin bai taɓa zuwa Kargelen ba. Mu nan a ƙungiyar muhawara, ko an kayar da mutum sai ya fita yana cewa alƙalai ne suka yi son kai.

To, wa ya yi gaskiya? Ilmin yau ya raba musu. A 1912 wani Bajamushe, Wegena, ya kawo ra'ayin cewa nahiyoyi suna tafiya, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 aka tabbatar. Lalle an yi babbar ƙasa a kudu, wadda ake kira Gondwana, ta haɗa Afirka da Amurka ta Kudu da Antaktika da Ostireliya da Indiya. Ba nutsewa ta yi ba, tsagewa ta yi kowane yanki ya kama gabansa, tsibiran Fokland ma ɓaraguzanta ne. A nan Huka ya hango wani abu. Amma a kan ciyawar tsibirai, Darwin ne ya ci. Mariyon dutse ne mai aman wuta da ya fito daga ƙarƙashin teku, shi da Makwari ba wanda ya kai shekara miliyan ɗaya a bisa ruwa, ba su kuma taɓa haɗuwa da wata ƙasa ba, ga shi kuwa suna cike da ciyawa. Binciken ƙwayoyin gado na tsirran ya nuna rabuwarsu da danginsu ba ta kai ko kusa da tsufan Gondwana ba. Sa'an nan a wannan yanki iska daga yamma take kaɗawa zuwa gabas ba dare ba rana, ta zagaye duniya ba dutsen da ya tare ta, igiyar ruwa tana biye da ita, manyan tsuntsayen teku kuma suna bin bayansu. Kargelen tana gabas da Amurka ta Kudu a kan wannan hanya, ga sanyinsu iri ɗaya. Ƙwayar da ta zo daga Afirka ko ta iso, sanyi zai kashe ta.

Akwai wani abu kuma da ba zan tsallake ba, domin tarihin mutum ba yabo ba ne kaɗai. Asenshan, tsibirin nan da suka tsaya a 1843, tsandauri ne na toka da ƙonannen dutse a tsakiyar Atlantika, sojan ruwan Ingila da ke zaune a can kullum suna cikin ƙarancin ruwa. Huka ya ba hukuma shawara a dasa itatuwa a kan dutsen tsibirin don su kama raɓa da hazo. Aka bi shawararsa, tun daga wajen 1850 jirage suka yi ta kawo tsirrai daga ƙasashe daban-daban, da turare da gora da ayaba da sauransu. Dutsen ya zama kurmi, har yau kurmin yana nan. Amma baƙin tsirran suka danne 'yan gida. Wata ciyawa da babu ita ko'ina a duniya sai Asenshan ta ɓace, 'yar'uwarta kuma ta rage 'yan tsiraru a gefen duwatsu inda iska ta hana baƙin zama. Shi kansa Huka ya amsa daga baya cewa shawararsa ta cuci tsirran asali. Mutumin da ya fi kowa sanin darajar ciyawar tsibiri, ga abin da hannunsa ya jawo. Aikin Kiyu ma gaba ɗaya a zamaninsa aikin mulkin mallaka ne, ɗauko tsiro mai kuɗi daga wannan ƙasa a kai waccan. Ta hannunsu ne irin roba ya bar Birazil a 1876 ya koma Asiya. A Kargelen kuma, a 1874 wani jirgin Ingila ya saki zomaye don waɗanda jirginsu ya fashe su sami nama, zomayen suka cinye kabejin nan a yawancin babban tsibirin.

Huka ya shugabanci babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila daga 1873 zuwa 1878. Ya ga baƙin ciki a gida, 'yarsa 'yar shekara shida ta rasu a 1863, matarsa ta fari kuma a 1874. Ya bar Kiyu a 1885, amma bai bar aiki ba. Littafin tsirran Indiya da ya fara a 1872 juzu'i bakwai ne, na ƙarshen, wanda ya kammala a 1897 yana da shekara tamanin, kacokan a kan ciyawa yake, da ma masana sun san dangin tsiro ne mai wuyar rarrabewa. Da Kyaftin Sikot zai tafi Antaktika a 1901, wurin wannan tsoho ya je neman shawara.

Ya rasu ran 10 ga Disamba, 1911, yana da shekara 94. Aka nemi a binne shi a babbar majami'ar Landan kusa da Darwin, matarsa ta ƙi, aka kai shi kusa da mahaifinsa a Kiyu kamar yadda ya so. Bayan kwana huɗu da rasuwarsa mutanen Nowe suka zama na farko da suka taka tsakiyar Antaktika. A cikin wannan shekara kuma waɗansu 'yan Nowe masu farautar manyan dabbobin teku suka saki wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara, guda goma, a tsibirin Jojiya ta Kudu. Barewar ta hayayyafa, ta shekara ɗari tana cin tasak, sai a 2013 da 2014 aka kawar da fiye da 6,000. A 2018 aka ba da sanarwar an gama da ɓerayen tsibirin su ma. Tun daga nan tasak ta fara komowa inda aka cinye ta, tsuntsaye suna sake haƙa ramukansu a ƙarƙashinta. A Fokland kuwa manoma da masu aikin sa kai sun riƙa fita da hunturu, su shinge bakin teku, su tsaga kututture, su dasa ciyawar da hannu ɗaya bayan ɗaya.